GPS ba ta maye gurbin sandar makaho

Wani labari ya nuna kamar da zarar makaho ya riƙe na'urar GPS mai nuna wuri da hanya, shi ke nan ya huta da ɗan jagora. Akwai gyara. Sai na'urar ta kama taurarin ɗan'adam aƙalla 4 kafin ta san inda mutum yake, kuma a fili ma kan yi kuskuren mita 5 zuwa 10. Tsakanin dogayen gine-gine abin ya fi muni, domin siginar kan bugi bango ta dawo, sai muryar ta ce "ka iso" alhali ƙofar tana tsallaken titi. Rami, kwata ko motar da aka ajiye a hanya kuwa, sanda kaɗai ke gano su.

Abin da ke taimakawa shi ne mutum ya tsaya daidai bakin ƙofa, ya jira kamar minti ɗaya siginar ta daidaita, sannan ya adana wurin da suna a manhaja irin su Lazarillo ko BlindSquare. Don Allah kada a toshe kunnuwa biyu, da ƙarar motoci makaho ke tsallaka titi. A sauke taswira tun daga gida, a kuma riƙe batirin ko-ta-kwana, GPS na shan caji sosai.