"Sai haƙuri" ta tsaya mini a wuya

Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Akwai maganganun da in na ji su a Garwan nan ta Kamaru raina ke ɓaci tun mai su bai rufe baki ba. "Ga ni nan tafe", alhali ko takalmi mutum bai sa ba. "Babu canji." "Babu rezo." "Mai sa hannu bai zo ba, ki dawo gobe." Duk waɗannan ina iya haɗiye su. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce "sai haƙuri".

Kar a yi saurin yanke mini hukunci. Na san darajar haƙuri, da shi aka rene mu. Ranar da mahaifina ya rasu, matan unguwa suka cika tsakar gidanmu a Yelwa, kowace ta durƙusa ta ce "sai haƙuri, Allah ya jiƙansa", kuma wallahi maganar ta sanyaya mini zuciya. Haka a 2012, da Binuwai ya cika ya tumbatsa ya ci gidaje da gonaki, me za ka ce wa wanda geronsa ya tafi a ruwa? Nan ne gurbinta: mutuwa, gobara, ambaliya, abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam.

Amma yanzu wa ya fi kowa furta ta? Mai laifi.

Ni sana'ata zoɓo da ƙanƙara. A azumin da ya wuce, cikin zafin nan da ke haura digiri 40, wani mai shago ya riƙa aiko yaronsa yana ɗaukar kaya, a kan sai bayan salla mu yi lissafi. Kuɗi suka taru har jaka 18 ta sefa. Wannan kuɗin sukari ne da leda da kuɗin wutar firigo, har da na makarantar ƙaramar 'yata. Bayan salla da sati biyu na saka hijabi na tafi da kaina. Na tarar da shi a kan benci yana shan shayi, ga sabon babur a jingine a ƙofar shago, ko ledar kujerar ba a cire ba. Muka gaisa, na ce, "Alhaji, na zo kan maganar nan." Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri fa, kasuwa ce sai a hankali." Na ce to yaushe zan dawo? Ya ce, "Haba Hajiya, ai na ce ki yi haƙuri."

Kun ga inda gizo ke saƙar? Da kalma biyu ya juye mini kayan a kai. Bashin yana wuyansa, amma aikin ya dawo nawa. In na sake magana, ni ce marar haƙuri, ni ce mai tsanani, gobe a ce matar nan ba ta da kawaici. Na dawo gida ina rawar jiki don takaici. Alhali Manzon Allah (SAW) ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ba shi da shi, Alƙur'ani ya ce a saurara masa har ya samu. Wanda ke da shi ya ƙi, ba haƙuri ake ba shi ba, tsoron Allah ake tuna masa.

Kuma cutar ba ta tsaya a Hausa ba. 'Yan'uwanmu Fulani su ce "sey munyal". 'Yan boko su ɗaga kafaɗa su ce "on va faire comment", wato yaya za mu yi. Daga Ngaundare har Kusiri maganar ɗaya ce, harshe ne kawai ya bambanta. Madatsar ruwan Lagdo mai ba mu wutar lantarki tana nan kusa da mu tun 1982, amma duk shekara in ruwa ya ja baya unguwanni su kwana a duhu: yaya za mu yi. Hanyar Mora zuwa Kusiri ta yi shekaru tana cin tayoyin manyan motocin da ke kai kaya Njamena: yaya za mu yi. Mutane nawa ne suka yi shekara da shekaru suna yawo da rasit a aljihu suna jiran katin ɗan ƙasa, har takardar ta yage a wurin ninki? Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaranmu sun haddace ta. Ɗana mai shekara tara ya dawo makaranta ya ce malaminsu bai zo ba kwana uku. Na ce me ya faru? Ya buɗe hannu kamar wani dattijo ya ce, "Umma, on va faire comment." A ranar na kasa cin abinci.

Sai kuma ƙanwarta, "insha Allahu" irin ta tela. Allah ya umarce mu a Suratul Kahfi mu faɗe ta kan abin da muka ƙudura aikatawa gobe. An mai da ita mafakar wanda tun farko ya san ba zai yi ba. Sunan Allah ya wuce a yi masa haka.

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. In ka ɓata wa mutum, ka ce "laifina ne, ki gafarce ni", sannan ka faɗi ranar da za ka gyara. Akwai wani yaro mai gyaran firigo a unguwar Rumde Ajiya, bai fi shekara 25 ba. Ya yi mini gyara, bayan kwana biyu injin ya sake tsayawa, ƙanƙarata ta narke kaf. Da na kira shi, ya zo da azahar tsaka yana zufa, ya duba ya ce, "Mama, ni ne ban ɗaure wayar nan da kyau ba. Ki lissafa abin da ya lalace, zan biya rabi yau, rabi ranar Juma'a." Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi sallama da kuɗin a hannunsa. Ni da bakina na ce ya bar sauran, na yafe. Tun daga nan maƙwabta huɗu na tura masa.

Shi kuwa Alhaji mai sabon babur, har yau jaka 11 daga cikin 18 ɗin na nan a wurinsa, kuma jibi zan sake komawa.