Ko allo ɗaya ba mu kafa ba

Ran Lahadi na raka ɗiyata unguwar Southwark nan Landan, aikin makaranta anka ba su kan Globe, tsohon gidan wasan kwaikwayo. Wurin asalin yana Park Street, bayan wasu gidajen zama, babu gini ko ɗaya, sai duwatsu masu launi da sunka jera ƙasa suna nuna inda bango ya bi, ga alluna da bayani. An gina shi 1599, gobara ta cinye shi 1613 lokacin da anka harba igwa ana tsakar wasa wuta ta kama jinka, sunka sake ginawa, 1642 masu tsananin addininsu sunka rufe shi don a ganinsu ɓata tarbiyya ne, daga baya anka rushe. Kun ji dai irin zancen namu. Amma 1989 anka tono harsashinsa ƙarƙashin wajen ajiye mota, 1997 anka buɗe sabo bakin kogin Thames, da rufin ciyawa fa, ciyawar da mu ke kunya!

Muna nan tsaye yarinya ta ce Baba, ina na Sakkwato? Wallahi sai da na ji abin har ƙirji.

Silimar da yayana ka ɗauka ta bisa keke mu tai kallon Indiya, mu sai gyaɗa bakin ƙofa, sama buɗe iska na kaɗawa, zuwana na ƙarshe shaguna na iske. Ban ce a maido silima ba, malamanmu na da hujjarsu kuma na yarda da wasu. Kuma kar wani ya ce ba mu san tarihi ba, Hubbaren Shehu bai rabo da masu ziyara, takardun Waziri Junaidu na nan. To amma ganuwar da Muhammadu Bello ya fara fa? Ƙofar Marke, Ƙofar Rini, Ƙofar Taramniya, yaro ya san sunayen don ɗan kabu-kabu, ce mashi ya nuna maka inda ganuwar ta bi ka ga ikon Allah.

Da dare na kira Yaya, na ce ka tuna tagar tikitin ta gabas take ko ta yamma? Ya yi shiru, ya ce shi ma ya mance, yaushe za ka zo gida?