Kafin gigin tsufa ya iso

'Yan uwana matasa, akwai wata tsohuwa a unguwarmu wadda a da ita ake kai wa ajiya, domin komai daɗewa ba ta manta wanda ya kawo ko nawa ya kawo. Yau idan ta idar da sallar la'asar sai ta tambaya ko an kira la'asar, kuma kusan kullum da magariba takan ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali ta tsaya a bakin zaure, wai za ta tafi gida wajen innarta, alhali a wannan gidan ta haifi 'ya'yanta duka. Yaran layi suna yi mata dariya, manya suna cewa gigin tsufa ne, wasu kuma suna raɗe-raɗin jifa aka yi mata. Mu da muke kallo muna ɗaukar abin a matsayin lamarin tsofaffi kaɗai, amma binciken likitoci na 'yan shekarun nan ya nuna cewa tun mutum yana da ƙarfinsa ake shimfiɗa wa wannan larura tabarma.

Tsufa daban, cuta daban. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbinsa, sannan ya tuna. Wanda cutar ta kama kuwa yakan manta hanyar masallacin da ya yi shekara 40 yana zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, ana samun sababbi kusan miliyan 10 a kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici, don haka kada wani ya ce cutar Turawa ce. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, inda wasu sinadarai ke taruwa suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Abin da ya kamata ya tsayar da hankalinku shi ne wannan taruwa takan fara shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama ko ɗaya.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, ya lissafa abubuwa 14 waɗanda idan aka kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa. A cikinsu akwai ciwon suga, shan taba, ƙiba, kitse a jini, rashin motsa jiki, ƙarancin karatu da zaman kaɗaici. Wanda ya fi damuna shi ne hawan jini, saboda yadda muke wasa da shi. Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyin jini, kuma idan jini ya daɗe yana bugunsu da ƙarfi sai su kaurara su toshe ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin ba tare da mutum ya ji ko ciwon kai ba. Mu shanyewar ɓarin jiki kawai muke tsoro, alhali wannan ɓarna ta ɓoye ita ma tana cinye tunani. Wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa waɗanda aka matsa wajen sauke lambar sama ta awon jininsu ƙasa da 120 sun sami raguwar haɗarin kamuwa da raunin tunani da kusan kashi 19 cikin 100. To, mu nawa ne a cikinmu masu shekara 35 suka san lambar jininsu? Da yawa sai an kai ga faɗuwa ake aunawa, wasu kuma da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye magani su koma wa gishiri da dunƙule.

Sai kai da kunne. Buguwar kai tana cikin jerin nan, kuma ba sai na faɗa muku yadda muke sukuwa a kan babur ba hular kwano ba, ko yadda ɗan dambe ke faɗuwa ya miƙe ana yi masa kirari, babu mai tunanin abin da ya girgiza a cikin ƙoƙon kansa. Raunin ji kuwa yana daga cikin mafi nauyi a lissafin masanan, domin wanda ba ya ji sosai yakan janye daga hira a hankali, ƙwaƙwalwarsa ta rasa abin da za ta riƙa juyawa. Ku dubi yaron da ke wuni a gindin injin niƙa, ko wanda ke kwana da abin sauraro a kunne ya ƙure murya. Haka ma yanar ido da aka bari ba a cire ba, domin kwamitin ya saka raunin gani a lissafinsa na 2024.

Kada ku sa rai da yawa a kan magani. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Leqembi a 2023, amma ba ya warkarwa, jinkirta lalacewar yake yi da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga haɗarin kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, ga kuɗinsa da aka tsayar a dala 26,500 a shekara lokacin da ya fito. Saboda haka duk wanda ya tare ku a tasha da garin magani yana cewa yana dawo da tunanin tsoho, ku riƙe kuɗinku.

Ban ce duk wanda ya kamu laifinsa ne ba. Gado da yawan shekaru suna da nasu kaso, kuma Allah ya ambaci mafi ƙasƙancin rayuwa a Suratun Nahli, inda mutum ba ya sanin komai bayan ya sani, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan nemi tsari daga gare ta. Idan kun ga alama ga iyayenku ku kai su asibiti da wuri, domin wasu abubuwan da ke kama da gigin tsufa, irin su ciwon damuwa da ƙarancin sinadarin B12, ana magance su.

Tsohuwar nan tamu kuwa, wata jikarta ce ta gano dabararta. Idan ta tsaya a bakin zaure ba ta yi mata gardama, ba ta kuma ce mata innarta ta rasu tuntuni. Sai ta ce, "Kaka, zo mu sha fura tukuna, in rana ta yi sanyi sai in raka ki." Kafin su shanye, ta kwance ƙullin ta mayar da ɗankwalin kanta.