Mutanen Inuit sun faɗi gaskiya tun 1854, aka ƙaryata su

Kwana biyu ke nan ina bin labarin Sir John Franklin, wani hafsan sojan ruwan Ingila, kuma wallahi akwai abin da ya tsaya mini a rai.

A watan Mayun 1845 ya bar Ingila da jiragen ruwa biyu, Erebus da Terror, su 134 (daga baya aka mayar da biyar gida, saura 129), suna neman hanyar da za ta ratsa arewacin Kanada zuwa tekun Fasifik. Ƙanƙara ta riƙe jiragen kusa da tsibirin King William a 1846. Cikin 129 ɗin, ko mutum ɗaya bai koma gida ba.

Aka yi ta tura jirage nemansu, shekara da shekaru. A 1854 wani likita ɗan Sikotland, John Rae, ya zauna da mutanen Inuit, 'yan asalin wurin, ya saurare su. Suka ba shi labarin Turawa wajen arba'in da aka gani suna jan kwale-kwale a kan ƙanƙara, duk sun rame. Suka sayar masa da cokulan azurfa masu tambarin hafsoshin jiragen. Suka kuma gaya masa magana mai nauyi: yunwa ta kai wasu ga cin naman 'yan'uwansu da suka mutu.

Da labarin Rae ya isa Ingila, Landan ta yi masa caa. Matar Franklin ta ƙi yarda. Marubucin nan Charles Dickens, da duk sunansa, ya rubuta cewa ba a gaskata irin waɗannan mutane, har ya yi zargin ko su suka kashe Turawan. Nan ne zuciyata ta ɓaci. Mu da muka san tarihin garuruwanmu daga bakin kakanni, mun san zafin a ce maganar tsoho ba hujja ba ce sai an gan ta a takarda.

A shekarun 1990 masana suka duba ƙasusuwan da aka tsinta a tsibirin, suka ga shatin wuƙa a jikinsu. A 2014 aka gano Erebus a yankin da dattawan Inuit suka daɗe suna nunawa, bayan Louie Kamookak, wani masanin tarihi ɗan Inuit, ya shafe shekaru yana tattara labaransu.

Terror kuwa sai 2016. Wani mutumin garin Gjoa Haven da ke tsibirin King William, Sammy Kogvik, ya gaya wa masu binciken cewa ya taɓa ganin wani dogon itace a tsaye cikin ƙanƙara a wani lungun teku. Suka karkata can. Cikin 'yan sa'o'i suka iske jirgin a zurfin mita 24, kusan yadda aka bar shi.