Attarugu ɗaya, kuma ba a daka shi ba

Ranar da maƙwabciyata ta miƙo mini kofi ta saman katangar bayan gida ta ce in sha shayin kifi, sai da na tsaya na ƙare mata kallo. Shayi da kifi? Mura ce ta kayar da ni a watan Nuwamba, shekarata ta biyu a kudancin Landan, ita kuma kwana uku tana jin tarina ta bango. Dattijuwa ce 'yar Jamaika, ta haura saba'in, yarana Kaka suke ce mata, ni kuma Mama. Ban ji kunya ba na tambaye ta ko akwai alade a ciki, don na san wasu miyansu, musamman ta jan wake, da wutsiyar alade mai gishiri ake yin su. Ta yi dariya ta ce kifi ne da ruwa da abin da ƙasa ta bayar. Sunan kuwa, "fish tea", ya samo asali ne daga yadda mutanen tsibirin ke kiran kusan duk abin sha mai zafi shayi, ko na ganye ne ko na koko.

Romo ne tsararo, ba mai a samansa, ba ja. Ƙamshin attarugu ya daki hancina tun kafin kofin ya kai baki, na gyara zama ina jiran wuta. Na kurɓa, wutar ba ta zo ba. Ɗan ɗumi ne kawai can ƙasan maƙogwaro, sai kuma ɗanɗanon kifi, garau, ba abin da ya rufe shi. Ni 'yar Yauri ce, a bakin kogin Kwara aka yanke mini cibi, a gidanmu an fi ganin kifi a kan nama. Amma ranar nan na yarda cewa shekara talatin da wani abu ina shan farfesun kifi ban san ɗanɗanon romon kifi ba. Ɗanɗanon turmin Inna na sani.

Ba raina turmin Inna nake yi ba. In za ta yi farfesu, tarwada take so, mai rai. A zuba mata ruwan zafi, a goge yauƙin da toka ko lemun tsami har fatar ta yi ƙarau a hannu. Sannan turmi: attarugu biyar ko shida, albasa, ɗanyar citta, tafarnuwa, masoro, kimba, kanumfari, daddawa. A bar kayan su tafasa su haɗe jikinsu kafin a jera gunduwa-gunduwar kifin, daga nan kuma ludayi ya huta, sai dai a kama kunnuwan tukunya a jijjiga, kada kifin ya dagargaje. Ɗoɗɗoya a ƙarshe. Ana gane ya yi ne idan mai sha ya fara jan hanci yana share goshi da bakin zani. Farfesun da bai sa gumi ba, a wurinmu an yi asarar kifi.

Mama kuwa wata Asabar ta ja ni kasuwar Brixton in ga nata da idona. A Old Harbour Bay aka haife ta, garin masunta a kudancin Jamaika, ta zo Ingila tana yarinya a shekarun 1960, cikin ayarin mutanen Karebiyan da suka fara kwararowa tun da jirgin ruwan Windrush ya sauka a 1948. A wurin mai kifi ba ta ko kalli manyan yankan da aka jera a gaba ba. Kawunan jan kifin teku uku ta sa aka auna mata, da ƙashin baya, da ƙananan kifi biyu cikakku. Ta ɗaga murfin kunnen kowanne ta duba ja ne, ta leƙa idon. Wannan dai ban koyi komai ba, haka matan Yauri ke yi a bakin kwale-kwale.

A kicin ta wanke kifin da lemun tsami kamar yadda muke yi. Ta zuba shi a ruwan sanyi da tafarnuwa da 'ya'yan fimento kamar takwas, ta bar shi a wuta kaɗan-kaɗan wajen minti ashirin da biyar, tana kwashe kumfa. Fimento ɗin nan itacen ƙasarsu ne, 'ya'yansa kamar masoro amma sun fi girma, ƙamshinsu kamar an haɗa kanumfari da kirfa wuri guda. Ta tace romon, ta baje kifin a faranti ya huce, ta zauna tana tsince tsokar da yatsa tana ware ƙaya, har naman kumatu ba ta bari ba. A cikin romon ta zuba kabewa da doya da dankalin turawa da karas da ɗanyar ayaba, da wani abu da suke kira coco, kore, mai kama da ɗanyar gwanda a baki. Kafin ta ɓare ayabar sai da ta shafa mai a hannu saboda ƙaron da ke baƙanta yatsu. Sannan ta kwaɓa fulawa da gishiri da ruwa da tauri, tana gutsura tana murzawa a tafin hannu kamar ɗan yatsa tana jefawa. Na ce, "Mama, ai wannan ɗanwake ne!" Na yi mata bayanin namu, ta ce in kawo mata ta gani. Su a bakinsu doya da ayaba da wannan kwaɓin su ne "abinci", kamar yadda mu in ba a ci tuwo ba ba a ci abinci ba.

Sai aka zo wurin da na kasa haƙuri. Ta daddaƙa lawashi da ƙotar wuƙa ta jefa, ta jefa rassan ɗanyen tayim, sannan ta ɗauki attarugu guda ɗaya, kore, da hancinsa a jiki, ta jujjuya shi a haske ta tabbatar ba tsaga, ta ɗora shi a saman romon kamar mai kwantar da jariri. Yana ta yawo a saman ruwa tana gadinsa. Da ya yi laushi ta sa cokali a hankali ta tsamo shi ta ajiye a ɗan faranti. Wanda ke son wuta, in ji ta, ya mutsuke shi a kwanonsa, kada ya ƙona wa jama'a tukunya. Kuɓewa da tsokar kifin suka shiga a minti biyar na ƙarshe.

Abin ba tsafi ba ne. Zafin attarugu yawancinsa a farin jijiyar cikinsa yake, inda 'ya'yan ke manne. Ƙamshin kuwa, wannan mai kama da na 'ya'yan itace da ya raba shi da barkono, yana fita ta fatar ko ba a fasa shi ba. In ka daka, ka saki duka biyun, zafin ya danne ƙamshin. In ka bar shi cikakke, ka tatsi ƙamshin ka bar zafin a ɗaure. Abin da ya fi ba ni haushi da na bincika shi ne attarugun da muke tinƙaho da shi asalinsa na ɓangarensu ne. Duk dangin barkono daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen Turawan Fotugal suka bazu da su a Afirka bayan 1492. Kafin nan kakanninmu da masoro da kimba da citta mai 'ya'ya suke yaji. Su kuma kuɓewarsu da doyarsu daga namu ɓangaren suka tsallaka, a jiragen da suka kwashi bayi, yawancinsu daga ƙasar Gana ta yau da ƙasar Ibo. Tukunyar Mama rabinta kayanmu ne, turmin Inna kuma babban jigonsa kayansu ne.

Gwajina na farko abin kunya ne. Na bi komai daki-daki, amma da na ga attarugu ɗaya tilo yana lilo a tukunya sai zuciyata ta ƙi. Na ce ai rowa ce. Na ƙara biyu, na kuma ɗan tsaga su da bakin wuƙa, kaɗan fa. Da na kai wa Mama ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofin, ta yi tari har hawaye, ta ce, "'Yata, kifin nan me ya yi miki?" Maigidana kuwa, wanda Bakano ne, ya shanye kwano biyu ya ce yau ne aka yi abin kirki.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa hannunmu ya yi nauyi haka, kuma ina ganin kifin ne ya koya mana. Tarwada kifin taɓo ce, mai kitse, mai ƙarni. In ka dafa ta da tayim da attarugu ɗaya cikakke, wallahi ba mai sha. Tana buƙatar kimba da citta su tare ta. Ga kuma nisa: mafi yawan ƙasar Hausa ba a bakin ruwa take ba, kifin da ke isa Kano ko Katsina ko Damagaram ko dai banda ne daga Baga da Hadeja, ko na ƙanƙara da ya kwana a mota, kuma duka biyun sai da kayan yaji. Jamaika kuwa tsibiri ne da ba inda ya yi wa teku nisa sosai. To amma dalili ya zama ɗabi'a. Yanzu ko giwan ruwa aka fito da shi daga koma yana numfashi, ko ƙarfasa mai daɗin nama, turmin da za a yi wa tarwada shi za a yi musu. A nan kam na ce mun yi kuskure, kuma mu 'yan bakin kogi laifinmu ya fi, don ba mu da uzurin nisa.

Ba komai nasu na sallama wa ba. Da yawansu yanzu, har Mama in ta gaji, sai su farke ɗan fakitin garin miya mai taliya a ciki su juye, romon ya koma ɗanɗanon gishiri da sinadari. Da na yi mata tsiya ta ce in fara ƙirga dunƙulen da nake marmasawa a miyata tukuna, na yi shiru. Sannan tsince kifin nan da suke yi har yau bai kwanta mini ba. Ni ina son in ga gunduwata a kwano, in ɗauki kai in tsotse da kaina, in san abin da aka ba ni. Kuma romonsu, duk daɗinsa, a sama yake tsayawa. Wannan nauyin da daddawa ke ba miya, wanda ke zama a harshe bayan an haɗiye, ba su da shi.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne wanda ake dafa wa. Farfesu a wurinmu abin gata ne: na mai jego, na marar lafiya, na baƙo, na maigida da dare. Yara sai dai a ɗiga musu romo a shinkafa. Nasu kuwa daga kai da ƙashi, abin da mai kifi ke neman kai da shi, ake cika tukunyar da za ta ƙosar da mutum takwas, don doya da ayaba da kwaɓin fulawa sun riga sun tare cikin. Tarihinsu ne ya koya musu. A gonakin rake, bayi kan noma doyarsu da ayabarsu a 'yan filayen da aka yankar musu a gefen tsauni, abin da za a sa a kai kuma ɗan kaɗan ne, dole a san yadda zai kai ga kowa. Har yau ana raba shi a kofi a bakin teku da wurin zaman makoki, wanda su a dare na tara suke babban taronsa. Sun kuma ce yana ƙara wa maza ƙarfi. Wannan dai ko'ina ka je a duniya maza sun samo romon da za su ɗora wa wannan magana.

Yanzu abin da nake dafawa ranar Asabar ba na kowa ba ne. Kai da ƙashi nake fara tafasawa in tace, irin na Mama. Kabewa da doya da ɗanyar ayaba suna ciki, coco kuwa na daina saye, ban ga abin da yake ƙarawa ba. Fimento shida, kimba ɗaya da na ɗan ƙona a wuta na fasa, daddawa rabin ƙwaya, kada ta yi magana da ƙarfi. Gunduwar kifi daban nake sakawa a minti goma na ƙarshe, in jijjiga tukunya irin na Inna. Attarugu ɗaya, cikakke, sai wani dakakke a ɗan kwano a gefe saboda maigida. Tarwada in na samu, turmi nake yi mata sosai, ba na wasa da ita. Kifi mai maiƙo irin su titus kuma ba ya wannan romon, yana dagula shi.

Mama ta ɗanɗana ta ce da daɗi, amma kada in kira shi shayin kifi a gaban mutane. Inna kuma na nuna mata tukunyar ta waya tana tafasa, ta matso da fuskarta kusa ta ce mene ne wancan yake yawo a sama. Na ce attarugu ne. Ta yi shiru, sannan ta kira ƙanwata ta ce a nemi mai tafiya Ingila a aiko mini da turmi, ashe wanda na tafi da shi ya fashe ban faɗa ba.