Kakar Mishigan ta 2023 da Abin da Jami'o'inmu Ba Su da Shi

Ƙwallon Amurka ba irin ƙwallon ƙafar da muka taso muna kallo ba ce, domin a hannu ake rungumarta a gudu, ana ture juna har sai an kai ta gidan abokan hamayya. Tun da na zo ƙasar nan na fahimci cewa ba a ƙungiyoyin ƙwararru kaɗai zuciyar mutane take ba, tana ga ƙungiyoyin jami'o'i, waɗanda ke fara kakarsu a ƙarshen watan Agusta su kammala a Janairu. Kakar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Jami'ar Mishigan a 2023, wadda ta buga wasa 15 ta ci dukkansu, ta rufe da doke Jami'ar Washinton da maki 34 da 13 ranar 8 ga Janairun 2024, ta ɗauki kambun ƙasa karo na farko tun 1997.

Filin wasan jami'ar da ke garin Ann Arbor, wanda aka buɗe a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601, kuma a duk Asabar ɗin da ake wasa a gida cika yake yi. Masu cika shi ba ɗalibai ne kawai ba. Akwai tsofaffin da suka gama karatu shekara arba'in da suka wuce, sun zo da jikokinsu, akwai kuma waɗanda ba su taɓa shiga ajin jami'ar ba amma suna ganin ƙungiyar tasu ce saboda ta jiharsu ce.

Abin da ya sa kakar ta cancanci nazari shi ne an yi rabin zagayenta na farko ba tare da babban koci a bakin fili ba. Jami'ar da kanta ta dakatar da kocin, Jim Harbaugh, wasa uku na farko saboda zargin karya dokar ɗaukar sababbin 'yan wasa, sannan hukumar Big Ten, rukunin jami'o'in da Mishigan ke gasa a ciki, ta sake dakatar da shi wasa uku na ƙarshen zagayen farko, bayan da aka gano cewa wani ma'aikacin ƙungiyar mai suna Connor Stalions yana tura mutane su ɗauko hoton alamun da kociyoyin wasu ƙungiyoyi ke yi wa 'yan wasansu. Wato cikin wasa 12 na zagayen farko, shida ba ya nan, kuma wasannin da suka fi zafi suna cikin shidan. Mataimakinsa Sherrone Moore ne ya ja ragama aka doke Jami'ar Penn State da 24 da 15 a filinta, aka wuce Maryland, sannan aka zo ranar da kowa ke jira.

Adawar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo ta faro tun 1897, kuma a wurin magoya baya kakar da aka yi rashin nasara a wannan wasa kaka ce mai tabo, ko da an ci sauran. Ohayo ta ci sau takwas a jere daga 2012 zuwa 2019 kafin Mishigan ta juya akalar a 2021. A wasan 25 ga Nuwambar 2023 ɗaya daga cikin manyan masu tare gaba na Mishigan, Zak Zinter, ya karye a ƙafa, aka fitar da shi 'yan kallo suna kiran sunansa, kuma a bugun da ya biyo baya Blake Corum ya ratsa da ƙwallo har gida, aka tashi 30 da 24. Shi kansa Corum ya ji rauni a gwiwa a ƙarshen kakar 2022, yana da damar tafiya gasar ƙwararru, amma ya zaɓi ya ƙara shekara tare da abokansa, bayan an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe shekara biyu a jere. Shi ne kuma ya ci makin da ya raba gardama da Alabama a ƙarin lokaci ranar 1 ga Janairu, aka tashi 27 da 20.

Ba zan wanke ƙungiyar ba. Satar alamun abokin karawa ha'inci ne, kuma nasarar da aka ci bayan asiri ya tonu ba ta goge laifin da aka yi kafin nan. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ci jami'ar tara mai nauyi a watan Agustan 2025, ko da yake ba ta ƙwace kambun ba. A ganina tushen matsalar kuɗi ne, domin idan koci yana karɓar miliyoyin daloli a shekara, albashin da ya ninka na shugaban jami'a, to dole a samu wanda zai ga cewa cin wasa ya halatta komai. Wannan ɓangaren ba na yi wa jami'o'inmu fatan sa ko kaɗan.

Abin da nake yi mana kwaɗayi shi ne tsari mai ɗorewa, wanda ya sa ƙungiya ta rasa shugabanta ba ta wargaje ba, kuma ya sa kowa ya san ranar wasa tun kafin shekara ta kama. Mu ma muna da son wasa, wanda ya taɓa ganin filin Sani Abacha a lokacin da Kano Pillars ke ɗaukar kofi a jere daga 2012 zuwa 2014 ba zai yi musu ba, haka nan duk wanda ya ga yadda Nijar ke tsayawa cik idan an fara kokawar takobi. Amma wannan son bai taɓa shiga jami'a ba. Gasar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966 taro ne na 'yan kwanaki, a watse, wani lokaci a yi shekaru ba a sake haɗuwa ba, kuma taro irin wannan ba ya gina magoya baya. An soma gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu a 2018, yunƙuri ne mai kyau, sai dai babu kakar wasa da za ta tsaya da ƙafafunta a inda kalandar karatu ba ta da tabbas, kamar yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya rufe azuzuwa wata takwas.

Duk da haka ba sai an jira gwamnati ta gyara komai ba. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero maƙwabta ne, tarihinsu ɗaya ne tun da Bayero daga cikin ABU ta fito, kuma tsofaffin ɗalibansu sun cika ma'aikatu da kasuwannin Arewa. Da za su tsayar da Asabar ɗaya a shekara, bana a Zariya baɗi a Kano, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin mota da kayan wasa da kofi, gidajen rediyo su watsa da Hausa, a kuma sa sharaɗin cewa wanda bai ci jarrabawarsa ba ba zai buga ba, na yi imani cikin shekaru kaɗan Sakkwato da Maiduguri za su nemi a sa su a jadawalin.