A Chamonix aka tambaye ni ko mutanenmu ba sa son wahala

Wata Lahadi ce a ƙarshen Agusta, muna jingine da shingen ƙarfe a tsakiyar garin Chamonix na Faransa, wanda masu garin ke kira Shamoni, muna kallon 'yan ƙarshe-ƙarshe na UTMB, dogon tseren ƙafa da ake zagaye tsaunin Mont Blanc, suna shigowa. Zakarun sun iso tun jiya Asabar, sun yi wanka, sun yi barci. Waɗannan da muke kallo su ne suka kwana biyu a kan duwatsu. Wani dattijo ya shigo a karkace kamar bishiyar da iska ta kwantar, sanda ɗaya a hannu, gishirin gumi ya bushe fari fat a rigarsa, jikarsa ta tsallake shinge ta kama masa yatsa suna takawa tare. Gari ya ɗauki ihu, ana kaɗa irin ƙararrawar nan da suke rataya wa shanu, ana dukan allunan talla da tafin hannu. Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa.

A daidai lokacin ne abokin atisayena, Bafaranshe, mutumin kirki wanda shi ya ɗauko ni a motarsa daga Grenoble, ya dubi taron ya dube ni ya ce: "Kullum ina mamaki, ba ma ganin mutanenku a nan. Ko dai ba ku son irin wannan wahalar ne?"

Da murmushi ya faɗa, na san ba da mugun nufi ba. Na yi dariya na ce ga ni ai. Amma har muka dawo gida, tafiyar kusan awa biyu, maganar tana ci na.

Bari in faɗa muku irin abin da yake kira wahala, don ba ƙaramar aba ba ce, kuma ba zan rage mata daraja don ina jin haushi ba. Tun 2003 ake wannan tsere. Ana tashi daga Chamonix da yammacin Juma'a, a zagaye tsaunin Mont Blanc kaf, a ratsa Faransa, a faɗa Italiya ta garin Courmayeur, a shiga Suwizalan ta Champex, a dawo inda aka tashi. Kilomita 170 da 'yan kai, kamar ka taso daga Kano a ƙasa ka nufi Katsina. To amma hanyar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce. Wannan kuwa in aka tara hawan da ke cikinta ya kai mita 10,000, wato ya fi tsayin Everest daga bakin teku, kuma duk abin da ka hau sai ka gangaro shi. Mashigar da ake bi daga Italiya zuwa Suwizalan, Grand Col Ferret, ta haura mita 2,500; a can ko a watan Agusta sanyi na iya daskarar da yatsunka. An ba mutum awa 46 da 'yan mintoci, kuma a kan hanya akwai tashoshin da in ka iso bayan lokaci za a cire maka lamba, ka hau bas. Ɗan Sifaniya Kilian Jornet ya gama a ƙasa da awa 20 a 2022, Ba'amurke Jim Walmsley ya rage wannan lokacin a 2023. A shekarar ce Courtney Dauwalter ta ci ɓangaren mata bayan ta riga ta cinye manyan tsere biyu na mil 100 a Amurka cikin 'yan makonni. Wanda ya gama ba a ba shi kofi. 'Yar shara ake ba shi, riga marar hannu, kuma za ka ga babban likita yana yawo da ita a gari kamar an naɗa shi sarauta.

Ba a ma barin ka ka shiga haka kawai. Sai ka gama wasu tseren ka tara maki, sannan a jefa sunanka a ƙuri'a. Mutane na shekara da shekaru ƙuri'a ba ta faɗo kansu ba. Ranar karɓar lamba kuma a buɗe jakarka a duba: rigar ruwa, tocilan biyu ta goshi da batir na canji, usur, wani bargon leda mai ƙyalli, kofinka na kanka, waya, ruwa aƙalla lita ɗaya. Ka yar da leda a daji a hukunta ka. Ka ga wani ya faɗi ka wuce shi, a kore ka. Wannan tsarin na yaba, ba zan ɓoye ba.

Ni ban kai can ba. Shekara uku ke nan da na fara gudun duwatsu, kuma dalilin farawar ba na jarumta ba ne: tumbi ne ya fara fitowa, ga kaɗaici, ga Grenoble gari ne da duk titin da ka leƙa ƙarshensa dutse ne. Akwai wani tudu da ke kan garin, Bastille, da ake hawa da wasu ƙwallayen gilashi masu tafiya a kan waya. Nan nake zuwa bayan sallar asuba, in hau a ƙasa, in gangaro, in sake hawa. Ranar Asabar mu nufi duwatsun Chartreuse mu yi awa biyar ko shida. Abin da na fara koya shi ne ba a gudu a hawa; kowa takawa yake, yana dogara sanda biyu, har manyan. Na biyu, gangara ce ke kashe mutum. Hawa numfashi yake ci, ka tsaya ka huta ya dawo. Gangara kuwa cinya take daka, kwana uku kana sauka daga bene da baya-baya kamar mai ciwon ƙugu. Farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi ya fita sau biyu. Na uku, ciki. Wanda bai koya wa cikinsa karɓar abinci yana tafiya ba, amai zai tsayar da shi tun ƙafarsa da sauran ƙarfi. Su suna tsotsar wani zaƙi-zaƙi mai kauri a 'yar leda, ni dabino nake zubawa a aljihu da ƙuli-ƙulin da aka aiko min, don a tashoshin abinci yawanci cuku ne da romo da yankakken nama wanda sai ka tambaya, galibi na alade ne. Tseren farko da na shiga, na kilomita 50, a 34 na zauna a kan wani dutse na ce na gama da duniya. Wata tsohuwa da ta kusa haihuwar mahaifiyata ta wuce ni tana tambaya ko lafiya.

Saboda haka da na ce maganar abokina ta ci ni, ba don na raina abin da suke yi ba ne. Kalmar "so" ce ta tsaya min a wuya. Wahala dai ake tambaya ko muna so.

Kakana na wajen uwa a ƙasa ya je Makka. Ya bi ta Maiduguri, ya ƙetara Fort Lamy da ake ce wa Njamena yanzu, ya ratsa Darfur, ya tsaya Gezira ya yi ƙwadagon auduga har ya tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekara bakwai kafin ya dawo, an riga an raba kayansa. Ba shi kaɗai ba ne. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, da ƙafa suka je. Ayarin gishiri har gobe yana ratsa Tenere zuwa Bilma. Ba sai na faɗa muku nisan da Bafulatani ke yi bayan shanu da sanda a wuya ba, ko yarinyar da ke tasowa da ƙwaryar nono tun duku-duku. Wa ya taɓa kaɗa musu ƙararrawa? Takalmin da nake gudu da shi Yuro 150 na saya, a canjin yanzu ya fi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 har na wata uku, kuma ba ya shekara. Wanda ya ƙoshi ne yake biyan kuɗi a ba shi yunwa ta kwana biyu. Da na gaya wa Hajiya a waya cewa na yi kilomita 50 a kan dutse, shiru ta yi, sannan ta ce: "To wa ya biyo ka?" Da na ce ai ni na biya kuɗin shiga, sai ta ce in riƙa yawan addu'a.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce babu mu a harkar. A Buea ta Kamaru tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, a hau a sauko rana ɗaya. Sarah Etonge ta ci shi sau 7, tana uwar 'ya'ya bakwai. A Najeriya an fara tseren dutsen Obudu a Kuros Riba a 2005, da kyautar da ta jawo 'yan Habasha da Kenya. Yaran Pankshin na Filato sun daɗe suna cin gudun dogon zango a ƙasar. Duwatsu ma muna da su: Mambila, Chappal Waddi mai mita 2,419 a Taraba, Shere a Jos, Bagzam a Ayar. Abin da babu shi ne biza da kuɗin jirgi da wanda zai ɗauki nauyi. Duk wannan na jera a kaina a cikin mota, na shirya yadda zan faɗa masa da Faransanci ya ji kunya.

Ban faɗa ba. Don akwai wani abu da na sani wanda shi bai sani ba, kuma shi ne ainihin abin da ke cizo na.

A bara mun fita atisayen dare, saboda duk mai son dogon tsere sai ya saba da tafiya da tocilan. Wajen ƙarfe biyu na dare na rage ni kaɗai a cikin dajin itatuwan nan dogaye masu ganye kamar allura, abokan sun yi gaba. Shiru, sai numfashina da ƙarar sanda a kan tsakuwa. Can na hango haske yana tahowa ta bayana. Kafin in yi tunanin komai hannuna ya kashe tocilan, na ratse na laɓe bayan wata bishiya, ƙirjina na bugawa har cikin kunne. Hasken ya matso. Mace ce, ita kaɗai, 'yar siririya, da gajeren wando da jakar goyo, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ta wuce ba ta ma san da mutum ba. Na daɗe a tsaye a duhun nan ina jin kunyar kaina. Abin da take tsoro a dajin nan bai wuce ta gurɗe ƙafa ba, kuma ko ta gurɗe, waya za ta buga jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke ta. Ni kuwa jikina ya taso da wani karatu daban game da haske a daji da tsakar dare, karatun da ban san na haddace ba sai ranar.

Muna yara a Zariya, ranar da ba makaranta mukan tafi Kufena a ƙasa, mu hau, mu ci ɗinya da kanya, mu dawo bayan magariba a yi mana faɗan dare kawai. Babanmu yana da gona ta wajen Giwa, a keke yake zuwa, wani lokaci ya kwana a bukka shi kaɗai. Yau wa zai kwana? An kwashe ɗalibai a Afaka a 2021, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, an kwashe yaran makarantar Kuriga a 2024. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, kamar waɗannan da nake gudu a cikinsu a nan, amma ka ce wa mutum ya ɗaura tocilan a goshi ya ratsa shi da dare don motsa jiki, ka ga kallon da zai yi maka. Na san za a ce ko da can ma ba al'adarmu ba ce mutum ya yi ta gudu ba dalili, kuma macen da ta fita haka da bakin mutane za ta fara gamuwa kafin ɗan bindiga. Na yarda da wannan. Amma al'ada tana canzawa. Ƙwallo ma baƙuwa ce, yau ga ta har lungu. Bakin mutane ana jure shi a saba. Dajin ne aka ƙwace mana, kuma da shi aka tafi da gona da kiwo da itacen girki da hanyar kasuwa, waɗanda sun fi tsere muhimmanci nesa ba kusa ba.

Shi ya sa in na ga suna rungumar juna a bakin layin gamawa suna kuka, wani sashe na zuciyata yana taya su, wani kuma yana cewa ku dai kun samu wuri. Ƙafa ba su fi mu ba, haƙuri ba su fi mu ba, ko kusa. Da za a ba yaron da ke bin shanu daga Filato zuwa Taraba takalmina da abinci sau uku da wata shida na atisaye, ni na san inda zan sa kuɗina.

Makon jiya na hau Chamechaude, mafi tsayi a Chartreuse, na isa sama daidai fitowar rana, Mont Blanc na can gabas fari tas. Na yi taimama na rama asuba a kan rigar ruwa, na ɗauki hoto na tura wa ƙanena. Ya rubuto: "Yaya, ba kowa a wurin? Don Allah ka sauko." Na ce masa nan ba komai. Na tambaye shi gonar Giwa. Ya ce bana ma ba a shuka ba, Baba ya ce a bari tukuna, sun karɓi aron wani ɗan fili kusa da gari sun sa masara.